'Yar Taran da Ke Kafaɗar Goma

Kullum mutane na fitowa daga Asibitin Koyarwa na Tamale, wanda aka buɗe a 1974 dab da unguwar Kukuo, riƙe da takardar awon jini. A layin fararen ƙwayoyin jini za ka ga 10⁹/L, da wata 'yar tara ɗare a kafaɗar goma. Nufinta ɗaya mai sifiri tara a bayansa, wato biliyan guda a kowace lita, kuma lafiyayyen baligi na da biliyan 4 zuwa 11. Taran nan na saukowa ta jeru da goma, sai lissafin ya koma 109.

Saukowar ba ta da wuya. A manhajar Word, mai buga takarda yana danna Ctrl da Shift da alamar tarawa, lamba ta hau sama. Amma hawan nan ado ne aka yi wa lambar, kamar kaurara harafi. Da zarar an kwafe rubutun zuwa rumbun bayanan majiyyata ko saƙon waya, adon yakan zube. Shi ya sa nake ganin kuskure ne a jingina ma'anar awo da ado. A yi amfani da ² da ³ da ⁹ na tsarin Unicode, waɗanda haruffa ne masu zaman kansu, ko a rubuta 10^9, wanda ko tsohuwar waya ba ta ɓata shi.

Za a ce ai likita ya san 109 ba 109 ba ce. Gaskiya ne, gogaggen likita zai gane. Sai dai takarda ba ta tsayawa a teburinsa. Tana bin majiyyaci zuwa ƙaramin asibiti a Yendi ko Salaga, tana faɗawa hannun ɗalibin da ya fara zagayen ɗakunan jinya jiya. Ga shi kuma injunan awo ba bakinsu ɗaya ba: wani na buga 10⁹/L, wani 10³/µL, duk adadi guda, amma in suka baje sai a ga 109 da 103 kamar sun saɓa. Harafin µ ma kansa abin tsoro ne, domin canjin salon rubutu kan mai da shi m, maikrogiram ya zama miligiram, magani ya ninka sau dubu. Don haka masana lafiyar majiyyata suke cewa a rubuta mcg. A Amurka, tun 2004 hukumar Joint Commission ta hana asibitocin da take tantancewa taƙaita yunit da U, saboda ana karanta shi sifiri, 4 ta zama 40.

Lambobin ƙasa ba su da wannan haɗari sosai. CO₂ ko CO2, kowa ya gane. Na sama ne ke ɗauke da yawa, kamar m² da ake auna maganin cutar kansa da shi gwargwadon faɗin jikin majiyyaci. Su ya kamata mai buga rahoto ya sake dubawa a kan takardar da ta fito daga firinta, kafin a buga mata hatimi.