Amanar Murya: Kwamfutar Gida da Ɗaukar Sauti a Ƙasar Kona

Duk wanda ya zauna a Kona, ko ya ci kasuwannin ƙasar Tasawa da na Mayahi a ƴan shekarun nan, ba zai rasa lura da wata sana'a da kakanninmu ba su sani ba, wato ta samarin nan masu zama ƙarƙashin rumfa da kwamfuta a gabansu, wadda mu mutanen wannan gefe na iyaka muka fi kira ordinatar, suna zuba wa jama'a karatun Alƙur'ani da wa'azi da waƙoƙi a katin waya. A cikinsu akwai waɗanda himmarsu ta zarce zuba abin da wasu suka yi, har suka soma ɗaukar sauti da kansu, ko tafsirin malamin unguwa a watan azumi, ko waƙar biki, ko sanarwar ƙungiyar manoma da za a kai gidan rediyo. To, dominsu na ɗauki alƙalami, da kuma duk mai na'ura a gida wanda ke da irin wannan buri.

Kada wani ya raina abin don ƙarancin kayan aiki. Mdou Moctar, mawaƙin Abzinawa na jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa na farko a 2008, kuma daga waya zuwa waya suka yi ta yawo a cikin Sahara ba tare da wani kamfani ya tallata su ba, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsince su a katunan wayoyin mutane, ya sa ɗaya a cikin tarin da ya fitar a 2011, daga nan sunan mawaƙin ya kai Turai da Amurka. Amma ni abin da na daɗe ina nazari a kai shi ne, yawancin ayyukan da ke lalacewa a hannun samarinmu ba talaucin na'ura ke lalata su ba, gafala ce a kan ƙananan sharuɗɗa waɗanda ba su cin ko dala.

Sharaɗi na farko, wanda ya fi kowanne muhimmanci alhali shi aka fi yi wa sakaci, shi ne ɗakin da za a yi ɗauka a ciki, domin makirfo ba ya zaɓe kamar yadda kunnen ɗan Adam ke yi; kunne yana bin maganar wanda yake so ya yi watsi da saura, makirfo kuwa duk abin da ya ji sai ya riwaito shi, da muryar malam da kukan jaki duk daraja ɗaya gare shi. Ɗakin siminti mai rufin kwano, wanda kowa ke alfahari da shi, shi ne mafi sharri ga wannan aiki, saboda murya takan bugi bango mai santsi ta komo, ta haɗu da wadda ke fitowa daga baki, sai a ji kamar daga cikin randa ake magana. Ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ya fi shi nesa ba kusa ba, don kaurinsa yana tare hayaniyar waje, balle in an shimfiɗa tabarmi, an jingina katifa a bangon da ke bayan mai magana, an rataye bargo a ƙofa da taga, domin kaya masu taushi suna shanye amsa-kuwwa. Wannan yana cikin wuraren da talaka ya fi mai kuɗi sa'a, sai dai bai sani ba. Lokaci ma a zaɓe shi: bayan sallar isha'i, in injin niƙa ya yi shiru, ƴan kabu-kabu sun koma gida, ya fi hantsi, sa'ad da kowane gida turmi ke amsawa.

Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya, a ɗan karkatar da shi gefe kaɗan, don iskar da ke fita tare da haruffa irin su ba da fa kada ta buge shi kai tsaye. Wanda ya sami zoben waya ya ɗaura masa siririn ƙyalle ya tsayar a tsakani, ya yi abin da masu manyan ɗakunan ɗauka ke sayen irinsa da kuɗi. Wayar hannu kuwa a kashe ta ko a fitar da ita daga ɗakin, saboda ƙarar da takan jefa cikin ɗauka in kira zai shigo.

Sai batun ma'aunin ƙarfin murya, inda ya kamata mai karatu ya ɗan fahimci yadda na'urar ke aiki. Kwamfuta ba ta riƙe sauti yadda kaset ke riƙe shi, aunawa take yi ta rubuta adadi, kuma a bisa ƙa'idar da aka saba tana auna shi sau 44,100 a cikin daƙiƙa guda, adadin da aka zaɓa don ya ninka iyakar jin ɗan Adam har da ɗoriya, tun da kunne lafiyayye ba ya wuce girgiza 20,000 a daƙiƙa. Wannan awo yana da rufi, shi ne inda aka rubuta sifili a ma'aunin da ke motsi a fuskar manhaja, kuma duk muryar da ta buge wannan rufi sai a sare mata kai, ta fito a tsage kamar ta tsohuwar lasifika. Abin da aka sare kuwa ya tafi ke nan, babu gwanin da zai mayar da shi yadda yake. Saboda haka ihtiyaɗi shi ne a sa mai magana ya gwada mafi ƙarfin muryarsa tun kafin a fara, a rage har ma'aunin ya riƙa tsayawa tsakanin 12 da 6 a ƙasa da sifili, domin malamin da ya fara tafsiri a hankali, in ya iso ayoyin azaba ba a hankali zai ci gaba ba. Ƙaramar murya ana iya ɗaga ta daga baya.

Manomin Kona ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan bambancin WAV da MP3, in dai an ce masa na farkon gero ne a zangarniya, na biyun kuwa gari. WAV yana riƙe dukan abin da aka auna, shi ya sa yake da nauyi, wajen megabayit 10 a minti ɗaya in an ɗauka ta kunne biyu, rabin haka in ta kunne ɗaya ce, wadda ta wadatar ga magana. Ke nan, ta kunne ɗaya, tafsirin awa guda kowane dare, har azumi ya ƙare, bai wuce gigabayit 10 ba. MP3 kuwa, wanda masanan cibiyar Fraunhofer ta Jamus suka yi jagorancin ƙirƙirarsa, yana zubar da abin da aka ƙaddara kunne ba zai lura da rashinsa ba, har minti ɗaya ya koma kamar megabayit guda. Gari yana da daɗin ɗauka da rabawa, amma ba a shuka shi, ba a kuma mayar da shi tsaba. Haka duk sa'ad da aka buɗe MP3 aka gyara aka sake matse shi, sai ya ƙara zubar da wani abu. A yi gyara a kan WAV, a adana shi a matsayin iri, a ba jama'a MP3. In ta WhatsApp za a aika wa gidan rediyo, a tura shi a matsayin takarda, don ya isa yadda yake.

Game da manhaja, na san zuciyar samari tana ga FL Studio na kamfanin Image-Line na Beljiyam, da Cubase na Jamus, don su ake ji a bakin masu kiɗan finafinan Kano. Amma waɗannan na sayarwa ne, kuma wanda ake zubawa kyauta a bakin kasuwa fasasshe ne, wanda ban da haƙƙin masu shi da ke wuyan mai amfani da shi, sau da yawa da cuta a cikinsa yake zuwa. Ga mai ɗaukar magana da karatu, Audacity ya isa, wanda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka a 1999 suka bar shi kyauta ga kowa, halal ɗinsa ne. Yana da dabarar rage hayaniya, in an bar daƙiƙa biyar na shiru a farkon ɗauka don ya san irin ƙarar ɗakin, sai dai in an tsananta masa yakan ci muryar tare da hayaniyar. A nan ba zan ɓoye ra'ayina ba: amsa-kuwwar ƙarya da ake lafta wa karatun Alƙur'ani, har madda ta haɗiye harafin da ke binta, ɓarna ce ga tajwidin da alaramma ya yi shekaru yana gyarawa. Auto-Tune ma, mai gyaran muryar waƙa, wanda ya fito a 1997, gishiri ne, ba tuwo ba.

Ita kanta na'urar, galibin waɗanda ke hannunmu okaziyo ne, wato na hannu, sun riga sun ci rabin ƙarfinsu a wata ƙasa mai sanyi kafin su iso Maraɗi, sannan muka haɗa su da abokan gaba da ba a ƙera su dominsu ba. Wuta ce ta farko. Lantarkin yankin Maraɗi da Damagaram, yawancinsa ta layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa yake zuwa, kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, sa'ad da Nijeriya ta yanke shi bayan juyin mulkin Nijar, bai dawo ba sai a watan Maris na 2024. Ɗaukewar wuta ba ta kai dawowarta haɗari ba, don takan dawo da ƙarfi fiye da kima ta ƙone caja. Saboda haka in kamfanin wuta na NIGELEC ya ɗauke a zare waya daga bango, haka in hadari ya taso da walƙiya a damina, kuma a sa regilatar a tsakani in hali ya yi. Wanda ke ƙauyen da layi bai kai ba, yana aiki da panno da batir, ya sani cewa injin juya wuta mai araha yakan jefa wani gurnani a cikin ɗauka, kamar yadda wutar layi ma takan yi da girgizarta ta sau 50 a daƙiƙa. Maganin duka biyun ɗaya ne: a cika batirin kwamfutar tun da rana, a zare caja sa'ad da ake ɗauka.

Ƙura da zafi kuwa tare suke aiki. A cikin na'urar akwai ƴar fanka mai jawo iska don ta sanyaya ƙwaƙwalwarta, kuma a lokacin hunturu, in buji ya taso, abin da take jawowa rabi ƙura ne, wadda ke taruwa ta toshe mafitar iska kamar auduga. Sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40, na'urar ta rage gudu don ta ceci kanta, sauti ya dinga yankewa, fankar ta dinga ihu har makirfo ya ji ta. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko cinya, a ɗora ta a kan katako, a ɗan ɗaga bayanta. In an gama a bari ta huce, a naɗe ta a zane a sa a akwati. Sau ɗaya a shekara, bayan hunturu ya wuce, a kai ta wurin mai gyara ya buɗe ya kakkaɓe, ya sabunta man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya ta. Faifan ajiyarta ma kada a cika shi maƙil, a bar masa kamar kashi ɗaya cikin biyar.

Cutar birus kuwa ta hanyar kile, wato filashi, da katin waya take yawo a wurinmu fiye da ta intanet, musamman irin wadda ke ɓoye jakunkunan ajiya ta bar inuwarsu, mai shi ya danna inuwar ya ƙara yaɗa ta. Na'urar da ake soka wa katin kowa a ranar kasuwa bai kamata ta zama ita ce ma'ajiyar aikin da ake ji da shi ba. A kuma sani kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10 bisa al'ada, kamar yadda ya bar Windows 7 tun Janairun 2020. Wanda tsohuwar na'urarsa ba ta iya ɗaukar sabo, ko ya nisanta ta da intanet, ko ya nemi wanda zai sa masa Linux, inda Audacity ke aiki lafiya lau.

Na san wani yaro mai hazaƙa da ya ɗauki hirar kakansa ta dare bakwai a kan asalin zuriyarsu, bai kwafe ta ko'ina ba; faifan ya mutu a wata bazara, tsohon kuma ya riga ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kowane aiki mai daraja a yi masa kwafi biyu ban da na cikin kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a wani gida dabam, kamar yadda mai hankali ba ya tara dukan hatsinsa a rumbu ɗaya saboda gobara. A kuma yi koyi da magabatanmu masu kwafar littattafai da hannu, waɗanda in sun kai ƙarshe sukan rubuta sunan mawallafi da nasu da ranar gamawa: a sa wa kowane fayil sunan mai magana da garinsu da kwanan wata, a kuma faɗe su da baki a farkon ɗaukar, don ko sunan fayil ya ɓace isnadin yana nan a ciki. Izini ma wajibi ne, balle ga waƙoƙin mata na daka da na niƙa, waɗanda ba don kasuwa aka yi su ba.

Ƙasarmu kuwa cike take da abin ɗauka. A Ɗankori da Maijirgi, nan cikin ƙasar Tasawa, jagorancin Voulet da Chanoine a kan ayarin sojan Faransa ya zo ƙarshe a watan Yuli na 1899 bayan ta'asar da ayarin ya tafka a hanya, kuma har yanzu akwai dattawan da suka ji labarin daga bakin kakanninsu. Akwai kuma tsofaffin kaset na wa'azi da na makaɗa da ke kwance a adakar iyayenmu, waɗanda zafi ke ci kullum. Wanda ya sami irinsu ya fara juya zaren da biro a hankali daga farko har ƙarshe don ya saki jiki, ya goge kan rakoda da auduga, ya haɗa ta da kwamfuta ta waya, ya fara ɗauka tun kafin ya danna maɓallin kunnawa, domin wani kaset ɗin sau ɗaya kawai zai yarda ya juya.