Takardar Sirri da Kwamfuta ke Miƙa wa Kowace Manhaja

"Wallahi a kwamfutata tana aiki!" Duk wanda ya koyi rubuta manhaja a Jalingo, ko a Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a 2008, ko a shagunan koyon kwamfuta na cikin gari, ya san wannan rantsuwar. Ɗalibi ya kwana yana aiki, ya zuba shi a filasha, ya kai kwamfutar abokinsa, sai baƙin allon da ake rubuta umarni ya ce sam bai san wani abu wai shi Python ba.

Sau tari manhajar ba ta da laifi. Duk lokacin da aka kunna manhaja, kwamfuta kan miƙa mata wani jeri, kowane suna da bayaninsa a gabansa. Su ne saitunan muhalli. PATH shi ke nuna foldodin da za a bi a nemo umarni. Idan ba a sa foldar Python a ciki ba, ko tana nan daram, ba za a gan ta ba. TZ na agogo ne, a Najeriya Africa/Lagos, awa ɗaya gaban GMT. LANG kuwa na harshe ne, har Hausa ma tana da nata a Linux: ha_NG. Tsarin ba na yau ba ne, da bugu na 7 na Unix ya zo a 1979, daga Bell Labs ta Amurka.

Fito da jerin ba wuya. A baƙin allon Windows kalma ɗaya ce, set. A Linux kuma printenv. Daga cikin manhaja, mai Python ya kira os.environ, mai Java ya kira System.getenv(), mai Node.js kuma process.env. A jera na kwamfutar ɗalibin da na kwamfutar abokinsa gefe da gefe, inda suka saɓa nan gizo ke saƙar.

Sai dai jerin ba na nuna wa kowa ba ne. A nan masu manhaja suke ajiye kalmar sirrin rumbun bayanai da makullan karɓar kuɗi, irin na Paystack da ke farawa da sk_live. Ɓarayin intanet sun san haka sarai. A 2021 sun yi kutse cikin wani ɗan fayil na kamfanin Codecov, suka sa yana kwashe saitunan muhallin abokan cinikinsa yana tura musu. Tun ƙarshen Janairu aka fara ɓarnar, ba a farga ba sai farkon Afrilu.

Shi ya sa ɗabi'ar ɗaukar hoton allo a jefa zauren WhatsApp, a ce "'yan'uwa ku duba mini", ba ƙaramin ganganci ba ce. Ɗalibin da zai nemi taimako ya tura layin PATH kaɗai, makullin da ya riga ya fita kuwa ya soke shi nan take, ya karɓi sabo.