Daga Maƙogwaro Zuwa Zuciya: Mene ne Rabon Gado?

A Wudil, idan yaro ya tashi da ciwon maƙogwaro, ba kasafai ake kai shi Babban Asibiti ba. Ko dai a saya masa farasitamol a kemis, ko a kira wanzami ya duba beli. Galibi yakan warke. Amma cikin yaran da ƙwayar cutar streptococcus ta kama, akwai 'yan kaɗan da bayan mako biyu zuwa uku zazzaɓi ke rufe su, gwiwa ta kumbura, ciwon ya sauka idon sawu, gida ya ce sanyi ne. Ba sanyi ba ne. Garkuwar jikin yaron ce ta rikice: wani furotin na ƙwayar cutar ya yi kama da naman zuciya, sai ta far wa ƙofofin zuciyar tana zaton abokin gaba ne. Wani bincike da likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka wallafa a 2007 ya gano wannan lahani a kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton zuciya.

To me ya sa wannan yaron, ba ƙanensa da suke kwana kan tabarma ɗaya ba? Nan gado ya shigo. An kiyasta kashi 3 zuwa 6 cikin 100 na mutane ne ke da wannan rauni. Nazarin tagwaye na 2011 ya nuna idan ɗaya ya kamu, masu kama ɗaya sukan haɗu a ciwon da kashi 44, waɗanda ba su kama ba da kashi 12. Zargi ya fi faɗawa kan ƙwayoyin gado na HLA, masu nuna wa garkuwar jiki wa za ta yaƙa. A 2021 wani babban bincike a ƙasashen Afirka takwas, har da Nijeriya, ya ƙara gano wani gurbi a kan kuromosom na 11.

Sai dai ina tsoron a ji wannan a ce ai ciwon gida ne, a naɗe hannu. Turai ta yi fama da shi sosai a ƙarni na 19. Jinin mutanenta bai sauya ba, gidaje ne suka yalwata, penisilin ya zo, cutar ta ja baya. Mu kuwa ɗakin da yara takwas ke kwana, da zauren almajirai lokacin hunturu, su ne ke ba ƙwayar damar komawa kan yaro ɗaya sau da yawa, kowace dawowa da ƙarin tabo. Abin yakan ɓuya har yarinya ta yi aure, ciki ya tsufa, haki ya hana ta kwanciya.

Amfanin sanin gado a yau ɗaya ne: gidan da aka samu mai ciwon, 'yan'uwansa su ne farkon waɗanda ya kamata a saurari ƙirjinsu, shi kuma ya riƙa karɓar allurar penisilin duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru, ko da yana jin garau.