Idan ɗanka ɗan wasa ya ji rauni: Ciwon da hoton asibiti ba ya nunawa

Wata rana za a iya kiranka a waya, a ce ɗanka da ke jami'a ya faɗi a filin ƙwallo, gwiwa ta kumbura, ba ya iya takawa. Abin da zai fara zuwa maka a rai shi ne kuɗin asibiti da hoton ƙashi, wataƙila ma wani ya ba ka shawarar zuwa wajen mai ɗori. Sai dai ka sani, akwai ciwo na biyu da ke biyo yaron gida tare da sandar dogarawa. Babu na'urar da ke ɗaukar hotonsa, kuma sau da yawa shi ne ke daɗewa bai warke ba.

Ka fara gane matsayin wasa a wurinsa. Ɗalibin da ke buga wa makarantarsa ƙwallo ko yake mata tsere, a Legas ne ko Ibadan ko Jos, da atisaye yake buɗe ranarsa. A fili ya samu abokai, a can aka san sunansa. Burinsa shi ne ya shiga gasar jami'o'in Najeriya ta NUGA, wadda ake yi tun 1966, wani kuma yana hangen wata ƙungiya ko gurbin karatu a Amurka. Ranar da ya ji rauni, duk waɗannan suna tsayawa cak a lokaci guda.

Da farko zai ƙi yarda. Zai ce maka targaɗe ne kawai, nan da mako biyu zai koma. Idan likita ya tabbatar masa cewa jijiyar da ke riƙe gwiwa, wadda ake kira ACL, ta tsinke, kuma bayan tiyata yakan ɗauki wata 9 zuwa shekara guda kafin a koma fili, sai fushi ya biyo baya. Zai zargi wanda ya taɗe shi, ya zargi koci, ya zargi kansa. Kada ka yi mamaki idan yaro mai fara'a ya koma yi wa ƙannensa tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba.

Lokacin da ya fi haɗari shi ne bayan 'yan dubiya sun ɗauke ƙafa. Abokansa na ci gaba da wasa, yana ganin hotunansu a WhatsApp, wani ya maye gurbinsa, shi kuma yana kwance. A nan ne kaɗaici ke shiga. Ka sa ido: barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, ya daina ɗaukar waya, karatu ya ja baya, ko ya riƙa cewa ba shi da amfani. Idan waɗannan alamu suka kai mako biyu kusan kullum, abin ya wuce ɓacin rai, yana buƙatar likita. Idan kuwa ya ambaci mutuwa ko kashe kansa, a ranar za ka kai shi asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba da Aro da Kaduna, haka ma asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Ka kula da magunguna ma. Matashin da ke fama da zogi da damuwa yana iya saba wa kansa da tramadol, tun yana sha don ciwo har ya kasa rabuwa da ita. Duk maganin da ba likita ya rubuta ba, kada ya shigo ɗakinsa.

To, me za ka yi a gida? Abu na farko, ka riƙe harshenka. Kalmar "ai dama na faɗa maka ka bar ƙwallon nan" ba ta ɗora ƙashi, sai dai ta rufe bakin yaro. Haka ma "namiji ba ya kuka". Idan 'ya mace ce, kada a mayar da raunin hujjar cewa dama wasa bai dace da ita ba. Ka zauna ka tambaye shi abin da ya fi damunsa, ka saurara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Sannan ka raka shi wajen gashin ƙashi, ku sa ƙananan buri: yau ya lanƙwasa gwiwa, wani mako ya ajiye sanda. Ka ƙarfafa masa ya riƙa zuwa kallon atisaye don kada zumunci ya yanke, kuma a sanar da sashensu a makaranta saboda jarrabawa. Addu'a da haƙuri suna da babban gurbi, amma su tafi tare da magani.

Ko bayan likita ya sallame shi, tsoro na nan. Zai riƙa kaffa-kaffa da ƙafar, yana fargabar a sake taɗe shi. Kada ka matsa masa, kada kuma ka bari koci ya gaggauta mayar da shi, domin komawa da wuri na iya jawo sabon rauni.

Ka tuna masa da Nwankwo Kanu. Bayan ya ci zinare a Atlanta a 1996, likitocin Inter Milan suka gano matsala a zuciyarsa, aka yi masa tiyata a Amurka. Ya dawo, ya koma Arsenal, ya sake zama gwarzon ɗan ƙwallon Afirka a 1999. Amma ba kowa ne ke komawa fili ba, kuma ya kamata ɗanka ya ji daga bakinka cewa ko ya koma ko bai koma ba, darajarsa a gidan nan ba ta ragu ba.