Faifan Ajiyar Kwamfuta: A Kwance Ko A Tsaye?

Har yau akwai masu gyaran kwamfuta da ke gargaɗin cewa faifan ajiyar bayanai, irin mai juyawa, dole a kwantar da shi, takardar sunansa na kallon sama, in ba haka ba zai lalace. Maganar tana da asali, sai dai zamaninta ya wuce. Seagate da Western Digital, manyan masu ƙera shi, sun yarda a ɗaura shi a kwance, a tsaye, ko a kife.

Mai tsoron tsayar da shi yana hasashen garmaho ne, inda nauyi ke danne allura a kan faifai. A nan kuwa allurar karatu ba ta taɓa faifan. Yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, iskar juyawar ta ɗaga allurar, wani siririn ƙarfe mai tauri ya matso ta, ta tsaya a tazarar da ido ba ya gani. Nauyinta bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce dattawan sana'a ba su faɗa a banza ba. Haka ne. Faifan shekarun 1980, irin ST-506 na Seagate mai megabayit 5, yana matsar da allura ne da ƙidayar taku, ba ya duba inda ta sauka. Shi ya sa ake cewa a tsara shi a yanayin da zai zauna. Na yanzu yana da alamomi a jikin faifan, allura tana karanta su tana gyara kanta a kowane lokaci. Da tsayuwa na kashe faifai, da manyan rumbunan bayanai ba su jera dubbansa a tsaye ba.

Abin da ke kashe shi girgiza ce da zafi. Faifan da aka bari yana lilo a jikin waya, ko aka ɗaure da noti ɗaya, ya fi shiga haɗari ko da a kwance yake. A ɗaure shi da noti huɗu, a bar masa sarari fanka ta hura shi, musamman a zafin bazara, kuma kada a liƙe ƙaramin ramin numfashinsa idan yana da shi. In za a juya akwatin kwamfutar, a kashe ta tukuna, domin bugu ɗaya yayin juyawa kan sa allura ta karce faifan. Ma'ajiyar bayanai irin SSD kuwa babu abin da ke motsi a cikinta, ko'ina aka maƙala ta daidai ne.