LISSAFIN GONA A WAYA: A RUBUTA A GIDA TUKUNA

Yanzu lissafin noma da yawa ya koma cikin waya. Rajistar manoma, da rabon taki da iri, da bashin ƙungiya, da awon hatsi a sito, duk da manhaja a ke yinsu. To, manhajojin nan iri biyu ne, ya kuwa kamata manomi da ɗan kasuwa da akawu su san bambancinsu tun ba su danƙa musu dukiyarsu ba.

Ta fari ba ta ajiye kome a waya. Abin da akawu ya rubuta duka sai ya tafi wata babbar kwamfuta a birni, inda rumbun bayanai ya ke, ta amsa, sa'an nan aiki ya ci gaba. In babu sabis, aiki ya tsaya cik. Ta biyu kuwa tana da nata ɗan rumbu a cikin wayar. Nan ta ke fara rubutawa, ko da sabis ko babu. Da zarar sabis ya samu sai ta aika da abin da ta tara, ta karɓo abin da sauran akawuna suka rubuta, littattafai su zama ɗaya. Inda sabis ke da ƙarfi, kafin ƙiftawar ido an gama. Watau kamar malamin ƙauye ne da ke riƙe da littafinsa, ran kasuwa ya kai wa hedkwata a daidaita.

A 2019 wani masani na Jami'ar Kambirij, Martin Kleppmann, da abokan aikinsa na Ink & Switch suka raɗa wa wannan tsari suna, ma'anarsa "na gida tukuna". Amma aikin ya girmi sunan. Tun 2008 aka fara ODK a Jami'ar Washington ta Amurka, wadda a ke cika takardun bincike da ita a daji, a aika daga baya. A 2014 kuma ƙungiyar eHealth Africa, mai ofis a Kano, ta yi aiki da rumbun CouchDB wajen yaƙi da cutar Ebola a Afirka ta Yamma.

ABIN DA YA SA YA SHAFE MU

A 2012 Gwamnatin Tarayya ta fara rabon taki ta saƙon waya, buhu biyu ga manomi a rabin kuɗi. Shirin ya kai taki hannun mutane da yawa, amma rashin sabis a ƙauyuka ya sa wasu sun sha jira a wurin rabo. A watan Satumba na 2021 kuwa aka rufe layukan waya a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka yi makonni a haka. Damina ba ta jiran kowa. Masarar da ba ta sami takinta a kan kari ba, asarar ta tabbata, ko da sabis ya dawo gobe. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

INDA GIZO KE SAƘA

Wahalar ba wajen ajiya ta ke ba, wajen daidaitawa ne. A ce ƙungiya tana da buhu 100 a sito. Akawun gabas ya ba da 30, ya rubuta saura 70. Na yamma, bai san an yi ba, ya ba da 20, ya rubuta saura 80. Wasu manhajoji abin da ya zo ƙarshe su ke ɗauka, su shafe na farko. Sai littafi ya ce 80, alhali 50 ne a ƙasa, a tasa mai tsaron sito gaba a kan buhu 30 da bai ci ba.

Maganin wannan, manhaja ta riƙa rubuta shiga da fita, ba jimla ba: an fitar da 30, an fitar da 20. Ko wanne ya riga isa, lissafi 50 zai ba da. In kuwa mutum biyu suka gyara abu guda, misali girman gonar wani, manhajar kirki ba ta jefar da ko ɗaya. CouchDB ta kan nuna ɗaya, ta adana ɗayan har mutum ya duba ya raba gardama.

Amma akwai abin da na'ura ba ta iyawa. In saura buhu 10, kowane akawu ya yi alkawarin 8, babu dabarar da za ta haifo buhu 6. Don haka a raba wa kowane akawu kasonsa tun da safe, a ba kowane manomi lamba tasa, a kuma tsayar masa da wurin karɓa guda, kada ya karɓa gabas ya zaga yamma. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

KAFIN KU KARƁA

In an kawo muku manhaja, ku kashe intanet ɗin wayar a gaban mai ita, ku rubuta, ku nemi abin da aka rubuta jiya. Ku tambaye shi yadda ta ke yi in akawu biyu sun saɓa. Ku tambaya kuma, in kamfanin ya rufe, ko za ku iya kwashe lissafinku.

Akawu kuma ya tuna, abin da bai aika ba a wayarsa kaɗai ya ke. In ta faɗa rijiya ko aka sace, ya tafi ke nan. Saboda haka ya sa mata lambar sirri, ya gyara agogonta, ya nemi inda sabis ya ke ko da kowace ran kasuwa ne, kada ya tashi sai ta nuna an aika. Manomi kuwa kada ya bar wurin rabo sai da rasit a aljihu.