ƊAGA A-KORI-KURA DA SA MATA MANYAN TAYOYI: A YI LISSAFI TUKUNA

Duk wanda ya saba bin tashoshin mota a ranakun kasuwa ya san matsayin a-kori-kura a ƙasar nan. Tun zamanin da Peugeot 404 da 504 ke jigilar buhunan gero da gyaɗa, har zuwa yau da Toyota Hilux ta mamaye hanyoyin karkara, ita ce jakar talaka, ita ce kuma motar asibiti a ƙauyukan da kwalta ba ta kai ba. To, a 'yan shekarun nan an shigo da wani yayi, watau a kai mota gareji a ɗaga ta sama, sa'an nan a cire tayoyin da ta zo da su a sa mata waɗansu manya masu faɗi. Wasu larura ce ta sa su, wasu kuwa ado ne kurum. Ko wanne ne dalilin, tun da rayukan mutane ne a bayan motar, ya kamata a san abin da ake saye.

ABIN DA AKA RUBUTA A JIKIN TAYA

Mai karatu, in ka durƙusa ka dubi gefen tayar Hilux ta zamani, sau da yawa za ka ga an rubuta 265/65R17. Lamba ta farko faɗin tayar ne, milimita 265. Ta biyu tsayin gefenta ne, daga bakin rim zuwa inda take taka ƙasa, kuma ana nufin kashi 65 cikin ɗari na faɗin nan, wato milimita 172. Harafin R yana nuna irin saƙar da ke cikinta, 17 kuwa girman rim ne da inci. In aka haɗa gefe biyu da rim, tsayin tayar gaba ɗaya zai kama milimita 776, kusan inci 30 da rabi ke nan.

Akwai kuma wani salon rubutun da aka fi yi a Amurka, kamar 31x10.50R15. Shi wannan kai tsaye yake magana: tsayi inci 31, faɗi inci 10 da rabi, rim inci 15.

ƊAGAWA DABAN, TAYA DABAN

A nan ne mutane da yawa ke yin kuskure. Ɗaga mota iri biyu ne. Akwai wanda ake sa 'yan dungu tsakanin jikin motar da ƙarfen da take zaune a kai, akwai kuma wanda ake canza sifirin da shokazoba. Dukansu jikin motar suke ɗagawa. Amma tukunyar nan ta tsakiyar aksul ɗin baya, wadda ita ce ke fara dukan dutse ko ta zauna a kan tudun da ke tsakiyar hanya, tana nan inda take. Ba abin da ke ɗaga ta sai tsayin taya, shi ma rabin abin da aka ƙara kaɗai ake samu.

Ga misali. In aka cire 265/65R17 aka sa 265/70R17, tsayi ya tashi daga milimita 776 zuwa 803, tukunyar aksul ta sami ƙarin milimita 13. In kuwa aka yi tsalle zuwa 285/70R17, wadda samari suka fi sha'awa, tsayi ya kai milimita 831, ribar kuwa milimita 27 ce, kaɗan ta ɗara inci guda. Sai a tambayi kai, me aka biya kafin a sami wannan inci gudan?

KUƊIN DA AKE BIYA A ƁOYE

Na farko, agogon gudu zai fara yi wa direba ƙarya. Shi agogon zagayen taya yake ƙirgawa, ga shi tayar ta ƙaru da kashi 7 cikin ɗari. Saboda haka in ya nuna kilomita 100 a awa, motar tana yin wajen 107. Haka ma agogon nisan tafiya zai riƙa rage lissafi, har lokacin juyen baƙin mai ya wuce ba a sani ba.

Na biyu, ƙarfin ja zai ragu da misalin wannan kashin, domin an tsara giyar motar ne a kan tsayin tayar asali. Direban da ke hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu da kaya shi zai fi kowa gane haka, don zai ga giyar da ya saba hawa da ita ta gaza, kulocinsa yana wahala, mai kuma yana tafiya.

Na uku shi ne birki. Babbar taya ta fi nauyi, kuma ta fi ƙarfin juyawa a kan birkin da ba a canza ba, saboda haka nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya zai ƙaru. Nauyin nan kuma yana cin boris da sandunan sitiyari kafin lokacinsu.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne kifewa. Duk incin da aka ɗaga mota, nauyinta ya haura sama da shi. A-kori-kurar da aka ɗaga, aka loda mata buhu ya wuce kan direba, sa'an nan fasinja suka hau bisa buhun, ba ta bukatar wani babban dalili kafin ta kwanta a kan kwana. Kauce wa akuya ɗaya ya isa.

FAƊI KO TSAYI?

Ana ganin kamar taya mai faɗi ta fi kama ƙasa a ko'ina, alhali kuwa kowace ƙasa da tayarta. A rairayi mai zurfi, irin na wajen Yusufari da Machina a Jihar Yobe, ana son tayar da za ta shimfiɗu a kan yashi kada ta nutse. Amma tsofaffin direbobin wannan yanki, da na hanyar Agadas zuwa Dirku a Nijar, sun san cewa rage iska ya fi ƙara faɗi amfani, domin yana tsawaita tafin tayar a ƙasa. Sai dai fa da an hau kwalta wajibi ne a mayar da iskar, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe.

A taɓon da ke da ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashinsa, kamar yawancin hanyoyin burji da damina, siririyar taya mai tsayi ta fi, don tana yanka taɓon ta tarar da wuri mai tauri. Abin da ya sa ke nan 7.50R16 da 235/85R16 suka daɗe a ƙafafun motocin daji. Ita 235/85R16 tsayinta milimita 806 ne, ta fi 265/70R17 tsayi kaɗan, ga ta kuma ba ta kai ta faɗi ba. A kan kwalta kuwa, ranar ruwan sama, taya mai faɗi ta fi saurin hawa kan ruwa ta zame.

Wani abu kuma, ɗaga mota ba ya ƙara faɗin gurbin taya. Sau da yawa sai an karya sitiyari har ƙarshe, ko an faɗa rami da kaya, sa'an nan a ji tayar tana gogar madigadi ko ƙarfen ciki. Masu sa faranti a bayan rim don su turo tayar waje, boris ɗinsu suke ƙara wa wahala. Haka kuma kowace taya tana da faɗin rim da aka yi ta dominsa, in aka cusa mai faɗi a siririn rim sai tsakiyarta ya kumbura ya cinye da wuri.

LAMBOBI BIYU DA AKE MANTAWA

Bayan lambar girma akwai wata, kamar 112S. Lamba 112 tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 1,120, 121 kuwa kilo 1,450. Harafin S yana nufin iyakar gudunta kilomita 180 a awa, Q kuwa 160. Girman taya bai tabbatar da ƙarfinta ba. Mai motar kaya ya nemi wadda aka rubuta wa LT ko C, kada kuma ya yarda da lambar nauyin da ta gaza wadda kamfani ya rubuta a jikin ƙofar direba ko a littafin motar.

Ta biyun ita ce ranar da aka yi tayar. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lambobi huɗu. In ka ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Wannan ya zama wajibi a duba, domin tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ta daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje, ciki har da na gwanjo da ake kira 'yan Beljiyom. Manyan tayoyi suna da tsada, shi ya sa masu ɗaga mota ke faɗawa gwanjo. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sha yin gargaɗi game da tsofaffin tayoyi. Roba tana bushewa ta tsage ko da zanenta bai goge ba, ga zafin kwaltarmu a watan Afrilu. Araha dai ba ta ado.

SHAWARA

Wanda hanyarsa ta tilasta masa, ɗagawar inci biyu da ƙarin taki ɗaya a tsayin taya sun ishi yawancin ayyuka. A sa tayoyi iri ɗaya, girma ɗaya, a ƙafafu huɗu har da safaya, musamman ga mota mai ja da ƙafa huɗu, don bambancin tsayi yana lalata giyarta. A tabbata safayar tana shiga gurbinta a ƙarƙashin bodi. Bayan an gama aiki a kai motar a daidaita ƙafafunta, a saukar da fitilun gaba kada su kashe wa masu tahowa ido. Kafin a biya mai taya, a loda kaya, a karya sitiyari hagu da dama har ƙarshe, a saurara.

Wanda kuwa motarsa ba ta barin kwaltar gari, tayar da injiniyoyin kamfani suka zaɓa ta fi masa alheri. Kuɗin da zai kashe a kan ado, ya sayi sababbin tayoyi huɗu masu kyau da shi, ya gyara birkinsa.